Daga Biktoriya Zuwa Limbe: Tarihin Garin Baƙin Rairayi

Duk wanda ya yi makarantar sakandare a ƙasar nan ya san 'yan Man O' War, yaran nan masu kaki da ke fareti ranar wasannin makaranta, su kuma tsare ƙofa ranar taro. To amma in ka tsayar da ɗaya daga cikinsu, kai ko da malamin da ke kula da su ne, ka tambaye shi inda sunan ƙungiyar ya samo asali, da wuya ya ba ka amsa. Sunan wani lungun teku ne da ke gefen wani tsohon gari a ƙasar Kamaru. A da ana kiran garin Biktoriya, yau kuwa Limbe ake ce masa. Shi ne garin da mutanen Duwala da Yawunde suka daɗe suna zuwa shan iskar teku da cin gasasshen kifi, kuma har zuwa shekarar 1960 mu da shi gwamnati ɗaya ke mulkinmu daga Ikko. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu kawo wa 'yan uwa marubuta tarihinsa da abubuwan kallon da ke cikinsa, domin kuwa abin kunya ne a ce ɗalibanmu sun san Landan da Makka da Dubai a baki, amma ba su taɓa jin sunan maƙwabcin da muka rabu da shi jiya-jiya ba.

Limbe na zaune ne a bakin Tekun Atilantika, a wani lungu da ake kira Ambas, tafiyar kimanin kilomita 70 yamma da Duwala. Teku na gabansa, Dutsen Kamaru na bayansa. Dutsen nan mai aman wuta ne, tsayinsa ya haura mita 4,000, kuma babu kamarsa a duk wannan sashe na Afirka. Don mai karatu ya kwatanta, dutse mafi tsawo a Nijeriya, wato Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, mita 2,419 ne kawai. Shekara da shekaru dutsen yana amayar da narkakken dutse yana gangarowa teku, igiyar ruwa kuma tana niƙe shi, shi ya sa rairayin bakin tekun Limbe baƙi ne, wani wuri kamar garin gawayi, wani wuri kamar garin kuka da ya sha wuta. Bahaushen da ya saba da farin yashin Watari ko na Gulbin Rima, in ya fara ganinsa sai ya ɗauka datti ne. Ba datti ba ne, haka Allah ya yi ƙasar. Wannan toka ta dutse kuwa ita ce ta sa ƙasar wurin take da albarkar noma, albarkar da ta zamar wa masu ƙasar masifa, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Kafin a kafa garin, masu wurin su ne Isubu da ke Bimbiya a bakin ruwa, da Wobiya da ke kan 'yan tsibirai, da Bakweri da ke jikin dutse. Bimbiya kasuwar bayi ce. Daga can cikin ƙasa ake koro mutane a tara su nan, a jira jiragen Turawa su zo su kwashe su zuwa ƙetaren teku. Da Ingila ta haramta cinikin, sai jiragen yaƙinta suka riƙa fakewa a wani lungu kusa da wurin suna dakon jiragen masu fataucin bayi. Irin waɗannan jiragen yaƙi su Turawan da ke kira Man O' War, sunan kuwa ya bi lungun har yau. A shekarar 1844 Sarkin Bimbiya, wanda Turawa suka laƙaba wa suna Wiliyam, ya sa hannu a kan yarjejeniyar barin sayar da bayi.

A daidai wannan lokaci ne wani baƙar fata ɗan ƙasar Jamaika mai suna Joseph Merrick ya sauka Bimbiya da aikin mishan. Mu da muke fama da harkar rubutu ya kamata mu riƙe sunan mutumin nan, ko da addininmu da nasa ba ɗaya ba ne. Ya koyi harshen Isubu, ya tsara masa haruffa, ya kafa injin buga littafi, ya fassara wasu sassan Baibul, duk a cikin 'yan shekaru, kafin ciwo ya kama shi ya rasu a cikin jirgin ruwa a 1849. Jikan bayi ne ya komo gaɓar da aka kwashi irin kakanninsa, da injin ɗab'i a hannu.

Wanda ya kafa garin kansa shi ne Alfred Saker, Baturen Ingila, ɗan mishan na ɗarikar Baftis, wanda asalin sana'arsa aikin injiniya ne a ma'aikatar jiragen ruwa. Cibiyar aikinsu tana tsibirin Fanando Po, wanda yau ake kira Biyoko. A shekarar 1858 gwamnatin Sifen ta aiko da sabon gwamna tare da limaman Katolika, aka yi shela cewa ba a yarda da wata ibada a fili ba sai ta Katolika. Sai Saker ya ƙetaro da jama'arsa, ya sayi fili a hannun Sarki Wiliyam, suka sare daji suka kafa bukkoki, ya raɗa wa wurin sunan sarauniyarsu, Biktoriya. Mazaunan farko 'yantattun bayi ne da zuriyarsu, wasu daga Jamaika, wasu daga Saliyo, wasu kuma waɗanda aka ƙwato daga jiragen bayi aka sauke a Fanando Po. Ke nan asalin garin mafakar 'yan gudun hijira ce. Abin da kuma mutanen Bimbiya da na Bakweri suka daɗe suna tambaya shi ne, shin Sarki Wiliyam yana da ikon sayar da ƙasar da ba tasa ce shi kaɗai ba? Baturen ya ɗauka ya saya ke nan har abada, masu ƙasa kuwa ga al'adarsu baƙo ba ya sayen ƙasa, masauki ake ba shi.

Saker ya yi ta roƙon gwamnatin Ingila ta karɓi garin ta sa tutarta, ta mai da lungun tashar jiragen yaƙi, amma aka yi kunnen uwar shegu da shi. Shekara 26 garin yana zaman kansa, 'yan mishan da wata 'yar majalisar dattawan gari suna yanke hukunci. Shi kuwa Saker ya gama fassara Baibul zuwa harshen Duwala a 1872, ya koma gida a 1876, ya mutu a 1880 bai ga tutar da ya yi ta nema ba.

Sai a watan Yuli na 1884 Ingila ta farka, bayan aikin gama ya gama. Wakilin Jamus, Gustav Nachtigal, ya riga ya ƙulla yarjejeniya da sarakunan Duwala ya kafa tutar ƙasarsa. Masu bin tarihin Barno za su gane sunan nan, domin shi ne Baturen da ya kai wa Shehu Umar kyaututtukan Sarkin Furusiya a Kukawa a 1870. Jakadan Ingila, Edward Hewett, ya iso bayansa da 'yan kwanaki, har aka riƙa yi masa ba'a da laƙabin jakada makararre. Abin da ya samu ya cafke shi ne Biktoriya kaɗai. Ita ma ba ta daɗe a hannunsu ba, don a 1887 Ingila ta miƙa ta ga Jamus, 'yan mishan na Basel kuma suka gaji gine-ginen Baftis. Ba wanda ya shawarci mutanen garin, waɗanda Turancin Ingila suke ji, sunan sarauniyar Ingila kuma garinsu ke ɗauke da shi.

Jamusawa ba wa'azi ya kawo su ba, ƙasar noma suka gani. Da suka nufi hawa jikin dutse sai Bakwerin Buea suka tare su a ƙarƙashin jagoransu Kuva Likenye. A 1891 suka kashe kwamandan Jamus, Gravenreuth, suka kori rundunarsa. Jamusawa suka yi shiri na shekara uku suka komo a 1894 suka ci garin. Daga nan aka kwashe Bakweri daga gonakinsu aka cusa su cikin 'yan keɓaɓɓun wurare, aka raba ƙasar ga kamfanonin Jamus. Mafi girmansu shi ne kamfanin gandun Biktoriya da aka kafa a 1897. Aka dasa koko da roba da kwakwar manja, daga baya ayaba, aka shimfiɗa siririn layin dogo daga gandaye zuwa bakin ruwa. Da yake Bakweri ba su da yawa, ba su kuma yarda su yi ƙwadago a gonakin da aka ƙwace musu ba, sai aka riƙa kamo ma'aikata daga can cikin ƙasa, waɗanda da yawansu zazzaɓi da wahala suka kashe. A 1901 Gwamna Puttkamer ya ɗauke hedikwatar mulki daga Duwala ya mayar Buea saboda sanyin wurin, ya gina wa kansa fada irin ta ƙasarsu, wadda har yau tana nan. Biktoriya ta zama ƙofar shiga da fita ta wannan yanki.

Lambun nan da kowane baƙo ke fara zuwa kallo a Limbe, daga wannan zamani ya samo asali. A 1892 aka kafa shi a ƙarƙashin wani masanin tsirrai, Paul Preuss, kuma ba don shaƙatawa aka yi shi ba. Wurin gwaji ne. Ana kawo iri daga Asiya da Kudancin Amurka, su kofi da shayi da rake da roba da itacen da ake samun maganin kwini daga ɓawonsa, a gwada a ga wanda zai karɓi ƙasar, sa'an nan a rarraba wa gandaye. Wato lambun shi ne ƙwaƙwalwar gandayen, gandayen kuma su ne cikin mulkin mallakar.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Ingila da Faransa suka far wa Jamus a Kamaru. Biktoriya da Buea sun faɗi a watan Nuwamba na 1914. Da yawa daga sojojin da Ingila ta yi yaƙin Kamaru da su 'yan rundunar Nijeriya ne, cikinsu har da Hausawa masu yawa, waɗanda suka yi gumurzu a Garwa da Mora. A 1916 aka raba ƙasar, Faransa ta ɗauki kaso mafi tsoka, Ingila ta ɗauki wani siririn yanki da ya bi iyakar Nijeriya tun daga teku har Tafkin Chadi, Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta lokacin kuma ta tabbatar da rabon a 1922. Sashen arewa aka haɗa shi da lardunan Barno da Adamawa da Binuwai, sashen kudu kuwa, inda Biktoriya take, aka haɗa shi da Kudancin Nijeriya, daga baya Jihar Gabas.

A nan wani abin mamaki ya faru. Ingila ta ƙwace gandayen Jamusawa ta sa su a kasuwa a Landan, ta ce ban da Bajamushe a masu saye. Aka rasa masu sayen kirki. A 1924 aka sake yin gwanjo aka cire sharaɗin, sai tsofaffin masu gandayen suka saye abinsu da taimakon gwamnatinsu. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawan da ke yankin sun fi Turawan Ingila yawa, ayaba kuwa daga Tiko sai Hambag. Bakweri suna ji suna gani aka sayar da ƙasarsu sau biyu ba a ko tambaye su ba. Da yaƙi na biyu ya zo aka sake ƙwacewa, a wannan karon gwamnatin Nijeriya ta kafa hukumar raya gandaye da aka fi sani da CDC, wadda ta fara aiki a 1947, hedikwatarta kuma tana unguwar Bota a Biktoriya. Bakweri sun kafa kwamitin neman ƙasarsu a 1946, sun kai kuka har Majalisar Ɗinkin Duniya, amma ba a mayar musu ba. Hukumar ta girma har ta zama ita ce ta biyu wajen yawan ma'aikata a duk Kamaru, bayan gwamnati.

A waɗannan shekaru ne aka buɗe makarantar horon Man O' War, a farkon shekarun 1950, a ƙarƙashin wani Bature, Alec Dickson. Daga kowace kusurwa ta Nijeriya ake turo samari, malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e, a haɗa ɗan Katsina da ɗan Onica da ɗan Abekuta a ɗaki ɗaya. A koya musu iyo a teku, su hau dutse, su shiga ƙauyuka su gina gada ko su haƙa rijiya da hannunsu. Manufar ita ce a karya girman kan ɗan boko da ke ganin ya fi ƙarfin ɗaukar fartanya. Matar Dickson, Mora, ta rubuta littafi a kan makarantar mai suna New Nigerians, shi kuwa daga baya ya kafa ƙungiyar 'yan sa-kai ta VSO a 1958, wadda ta turo malamai da yawa makarantun Arewa. Da Kudancin Kamaru ya rabu da mu sai makarantar ta ƙaura zuwa ƙasar Filato, ta fara zama a Kurra, daga baya ta koma duwatsun Shere kusa da Jos. Lungun tekun kuwa daga baya sojojin Kamaru suka mai da shi sansaninsu.

Rabuwar ta zo ne ta hanyar ƙuri'ar raba-gardama da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ranar 11 ga Fabrairu, 1961. Zaɓi biyu kawai aka ba mutane: ko su shiga Nijeriya ko su shiga Jamhuriyar Kamaru ta Ahmadu Ahijo. Ba a ba su zaɓin tsayawa da ƙafarsu ba, wannan giɓi kuwa shi ne tushen rigimar da ake ciki yanzu. Dokta Endeley, ɗan Bakweri, yana son a zauna da Nijeriya. John Ngu Foncha, wanda ya kayar da shi a zaɓen 1959, yana son a koma wajen 'yan uwa na gabashin Kogin Mungo. Abin da ya taimaki Foncha ƙwarai shi ne ƙorafin da talakawa ke yi cewa mutanen Gabashin Nijeriya sun mamaye kasuwa da ofis da aikin gandu. Kudu ta zaɓi Kamaru da ƙuri'a 233,571, masu son Nijeriya kuwa 97,741. Arewa ta yi akasin haka, 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni sashen arewa ya shigo Nijeriya aka raɗa masa Lardin Sardauna, su Mubi da Gwoza da Ganye da Gashaka da Mambila ke nan, har da dutsen Chappal Waddi da muka ambata ɗazu. Ranar 1 ga Oktoba kuma Biktoriya ta zama garin Kamaru. Da an sami saɓanin haka, da yau ɗan Mubi sai da fasfo zai zo Yola, ɗan Kano kuwa ya tafi hutu Biktoriya ba mai tambayarsa takarda.

Tarayyar da aka ƙulla ba ta daɗe ba. A 1972 Ahijo ya rushe ta ya mai da ƙasar dunƙulalliya. A 1981 aka buɗe matatar mai ta SONARA a gefen garin, wadda ta kawo kuɗi da ma'aikata masu jin Faransanci, ta kuma kawo gunaguni a kan wa ake ɗauka aiki. A 1982, 'yan watanni kafin ya sauka daga mulki, Ahijo ya soke sunan Biktoriya ya sa Limbe, sunan ɗan kogin da ya ratsa garin. Mutanen gari na cewa shi kansa sunan kogin daga sunan wani injiniyan Jamus mai suna Limburgh aka lanƙwaso shi. In haka ne, an gudu daga sunan Baturiya an faɗa na Bature.

To me baƙo zai gani in ya je? Mu a ganinmu a fara da Down Beach, tsohuwar gaɓar da garin ya fara. Nan hasumiyar tunawa da Saker take, da tsohuwar majami'ar Ebenezer, da wasu gine-ginen zamanin Jamus da gwamnati ke amfani da su. Nan ne kuma masunta ke sauke kifi, cikinsu har da 'yan Nijeriya da Binin da Gana da suka daɗe da zama a wurin. Da yamma mata kan jera gawayi su gasa kifi da jatan lande da ƙaguwa. Kai za ka nuna kifin da kake so, a yi ciniki, a gasa a kawo maka da soyayyar agada ko wani tuwon rogo da ake naɗewa a ganye, da yaji mai sa hawaye. Wanda kifi bai dame shi ba zai sami tsire, wanda mutanen Kamaru ke kira soya, kalmar da ba sai an gaya wa Bahaushe inda ta fito ba. Kana ci kana hango 'yan tsibiran da ke cikin lungun, in kuma gari ya washe har ƙololuwar dutsen Biyoko ana hangowa can cikin teku. Sai dai Down Beach ba wurin wanka ba ne. Masu son shiga ruwa yamma suke yi, zuwa Mil Shida ko Mil Goma Sha Ɗaya ko Seme, domin unguwanni da gaɓoɓin garin da yawa da lissafin mil ake kiransu tun zamanin Ingila.

Lambun tsirrai ya ragu ƙwarai daga girmansa na zamanin Jamus, abin da ya saura kimanin hekta 50 ne. Ya lalace bayan samun 'yancin kai, sai a 1988 aka fara gyara shi da taimakon Ingila, aka kuma juya manufarsa daga gwajin amfanin gona zuwa kare tsirran Dutsen Kamaru. Akwai itatuwan da suka haura shekara ɗari, da sashen itatuwan magani, da wani dandalin wasa a fili da ake kira Jungle Village, inda 'yan rawa da masu wasan kwaikwayo ke nuna fasaharsu. A wani gefe kuma akwai kaburburan sojojin da suka mutu a yaƙin duniya. Tsallaken hanya kaɗan sai gidan namun daji, wanda a 1993 aka mai da shi wurin renon birai da aka ƙwato daga mafarauta da masu fasa-ƙwauri, da haɗin gwiwar gwamnati da ƙungiyar Pandrillus, wadda ke da irin wannan aiki a Kalaba. Akwai goggon biri da cimfanzi da wani biri mai baƙar fuska da ake kira diril, wanda a duk duniya ba a samunsa sai a dazuzzukan Kuros Riba da Kudu maso Yammacin Kamaru da tsibirin Biyoko. Yawancin birai da ke wurin marayu ne, an harbe iyayensu don nama.

Bimbiya tana gabas da gari, hanyarta ba ta da daɗi, musamman da damina. Abin da ya rage can shi ne ginshiƙan dutse da kufan ɗakunan da ake tsare bayi, da guntayen sarƙoƙi, duk gora ta rufe su. Ba a ƙawata wurin kamar yadda aka yi wa Elmina ta Gana ko Gore ta Senegal ba, wataƙila shi ya sa ya fi su sa mutum yin shiru.

In aka bi hanyar yamma zuwa Idenau za a iske inda narkakken dutse ya datse titi kusa da Bakingili a aman da dutsen ya yi a 1999. Ya gangaro a hankali cikin kwanaki, ya cinye gonakin kwakwa, ya hau kan kwalta ya tsaya saura ƙiris ya kai teku, dole aka karkatar da hanya ta kewaye shi. Yanzu tudu ne baƙi ƙirin da mutane ke hawa suna ɗaukar hoto. Dutsen ya yi aman wuta a 1909 da 1922 da 1954 da 1959 da 1982, ya kuma sake a 2000. Gaba kaɗan sai Debunsha, inda ruwan saman da ke sauka a shekara ya kai kimanin milimita 10,000, wato abin da Kano ke samu a shekara goma ko fiye. Manomin Ɗambatta da ke duban gabas kullum a watan Yuni, in aka gaya masa akwai inda ake roƙon Allah ruwa ya ɗauke, cewa zai yi tatsuniya ce. Ruwan nan ma yana da nasa sharrin, don a watan Yuni na 2001 ambaliya da zaftarewar ƙasa sun hallaka mutane da dama a cikin Limbe.

Hawan dutsen kuwa daga Buea ake fara shi. Mutum mai lafiya kan yi kwana biyu ko uku kafin ya hau ya sauko, amma tun 1973 ake yin tseren shekara-shekara inda gwanaye ke kaiwa ƙololuwa su komo cikin ƙasa da sa'a biyar. Wata mata mai suna Sarah Etonge ta ci tseren mata har sau bakwai, aka yi mata laƙabi da Sarauniyar Dutse.

Garin ya shiga adabi ma. Imbolo Mbue, haifaffiyar Limbe, ta fitar da littafinta Behold the Dreamers a 2016, labarin wani magidanci ɗan Limbe da ya tafi birnin Niyok yana tuƙa wani babban ma'aikacin banki a daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 2008. Littafin ya ci babbar kyautar PEN/Faulkner a 2017. Abin da ya kamata matasan marubutanmu su lura da shi a ciki shi ne yadda ta sa ƙaramin garinsu, da kasuwarsa da unguwanninsa da abincinsa, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Niyok ba tare da jin kunya ba. Mu kuwa sau da yawa taurarin littattafanmu ba sa cin tuwo, ba kuma a sanin unguwar da suka fito.

Shekarar da littafin ya fito ita ce shekarar da abubuwa suka fara dagulewa. A ƙarshen 2016 lauyoyi da malaman makaranta na yankunan masu jin Ingilishi suka shiga yajin aiki, suna kukan ana turo musu alƙalai da malamai masu Faransanci zalla. Gwamnati ta amsa da kame da duka, abu ya rikiɗe ya zama tawaye. Ranar 1 ga Oktoba, 2017, 'yan a-ware suka yi shelar ƙasar da suka kira Ambazoniya, sunan da wani lauya, Gorji Dinka, ya ƙirƙiro tun a tsakiyar shekarun 1980 daga sunan lungun Ambas, wato ruwan nan da masu cin kifi ke kallo a Down Beach. Dubban mutane sun mutu, dubun-dubata sun tsallako Kuros Riba da Binuwai da Taraba gudun hijira. An ƙona makarantu, an hana yara karatu shekara da shekaru, a Kumba ma har cikin aji aka bi ɗalibai aka harbe a watan Oktoba na 2020. An sassare ma'aikatan CDC a gandaye har fitar da ayaba ta tsaya a 2018. Ranar 31 ga Mayu, 2019, gobara ta cinye wani babban sashe na matatar SONARA, tace mai ya tsaya.

Limbe kanta ba ta sha wuta kamar garuruwan cikin ƙasa ba, saboda yawan sojojin da ke tsaron matata da tashar ruwa, shi ya sa ma ta cika da waɗanda suka gudo daga ƙauyuka. Gwamnati ta yi ƙoƙarin nuna wa duniya cewa lafiya lau ake, ta kawo wasannin cin kofin Afirka sabon filin ƙwallon garin mai ɗaukar mutum 20,000. A nan ne ranar 12 ga Janairu, 2022, alƙalin wasa ɗan Zambiya ya busa tashi sau biyu kafin lokaci ya cika a wasan Mali da Tunisiya, abin da ya sa sunan Limbe ya zaga duniya ta hanyar da ba a so. A watan Fabrairu na 2023 kuma wasu abubuwa suka fashe a Buea ana tsakiyar tseren dutse, mutane suka ji raunuka.

Wanda ya yi niyyar zuwa, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya yi sauƙi, dutsen kuma yake fitowa daga cikin gajimare da sassafe. Yuli da Agusta kuwa sai mai laima biyu. Ana iya sauka Duwala ta jirgin sama a shiga mota, ko a bi jirgin ruwa daga Kalaba kamar yadda fatake ke yi. Ingilishi da Turancin buroka sun ishi mutum a kasuwa, kuɗinsu kuma sefa ne. Sai dai a yi tambaya a kan halin da hanya take ciki kafin a tashi, kada kuma a sa tafiya ranar Litinin, domin tun 2017 'yan a-ware suka mai da ita ranar zaman gida dole a yankin, direbobi da yawa kuma ba sa fitar da mota.